Ƙunshin da Aka Yi Min a Maraɗi

Bari in fara da gyara muku zance, don na gaji da jin ƙarya a kaina. Ban je Nijar yin fim ba. Ba kuma masu tace finafinai ne suka tura ni leƙen asirin 'yan kaset ba, kamar yadda Maryam ta Hotoro take yaɗawa. Masu cewa jakar Dakta na je riƙewa kuwa, to Dakta jakarta a kafaɗarta take, ko sau ɗaya ba ta miƙo min ba. Tun da na dawo, duk wadda ta shigo gidanmu sai ta kama hannuna ta juya, ta ce, "Bilki, wane mai ƙarfin halin ne ya zaunar da ke aka yi miki wannan lallen?" Ga amsar nan a rubuce. Wadda ta sake tambayata bayan wannan, takardar zan miƙa mata.

Dakta Saratu maƙwabciyarmu ce a nan unguwar Nassarawa a Kano, gidanta na kallon namu. 'Yar Zariya ce, Kirista, tana koyarwa a jami'a, kuma Hausarta ta fi tawa karin magana. Kun san tun da aka fara Shari'a babu zancen da ya kai na fim yawa a garin nan. A huɗuba fim, a rediyo fim, 'yan siyasa ma in sun rasa abin faɗa sai su koma kan fim. Kowa cewa yake yana lalata yara. Dakta ta ce ita abin da ya dame ta shi ne kowa ya yi magana ban da yaran. Shi ne ta ɗauki bincike a kan abin da kallo yake yi wa yara da matasa. Ta yi hira da iyaye maza, ta yi da malamai, ta yi da samarin gidajen kallo. Tana so ta je Maraɗi, inda kaset ɗin Kano yake isa kafin ya huce, ta kwatanta da nan.

Ranar da ta shigo roƙon Baba ya bar ni in bi ta, ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce, "Alhaji, 'yan mata ne suka rage min, kuma ni sa'ar iyayensu ce. In na shiga ɗaki, 'yan mata sai su zama kurame. Yarinya nake nema irinsu. Kuma tafiyar nan sau ɗaya zan iya yin ta. In muka dawo babu muryar 'yan mata a kaset, babinsu zan cire, littafin ya fita da abin da maza suka ce a kansu kawai."

Wannan maganar ce ta tsaya min a rai. Na gama sakandare ina zaune a gida, kullum ina jin ana yanke mana hukunci a rediyo ba a tambaye mu ba.

Ta gaya min ƙa'idar aikin a gaban Mama. Ba a ɗaukar muryar kowa a ɓoye. Ba a kama suna. Duk wadda ta ce a kashe, a kashe. Kuma in kin yi tambaya, ki yi shiru ki jira.

Mama ta kwashe da dariya. "Bilki da shiru? Dakta, kin ɗebo ruwan dafa kanki."

Da sassafe muka tashi a tsohuwar motar Dakta, da direbanta Malam Sule, mutumin Ringim, wanda ba ya wuce gudun da raƙumi zai iya kamo shi. Na ce, "Malam Sule, yau dai za mu kai ko?" Ya ce, "Hajiya ƙarama, mai sauri ma jiran mai hankali yake yi a shingen gaba." Ai kuwa haka aka yi. Daga Kano zuwa Katsina shinge sai ka ce jerin tukwanen amarya, kuma duk motar da ta wuce mu da gudu sai mu tarar da ita a gaba an sauke mata kaya. An ce mulkin farar hula ya dawo, amma hanya ba ta ji labari ba. A Katsina muka ci masa da miyar taushe a tsaye, na ɗiga wa hijabina manja, haka na shiga ƙasar mutane da tambari a ƙirji.

A Jibiya namu suka duba mu suka sake mu. A Ɗan Isa, ɓangaren Nijar, wani jandarma dogo ya zaro rikodar daga jakar Dakta, ya juya ta.

"Mi ne ne wanga?"

Dakta ta yi masa bayani, ta nuna takardun jami'a. Bai ko kalle su ba. Da ya ji kalmar fim sai fuskarsa ta sake. Ya ce, "Daga Kano kuka taho? Kuna ganin 'yan wasan?" Kafin mu ankara ya danna jan maɓalli ya hau gaishe da wata 'yar wasa, da iyayenta, da duk wanda ya taimaka aka yi ta, har ya rera baiti ɗaya na waƙa. Abokan aikinsa suka taru, kowa sai ya sa nasa. Ni ina ta huci, Dakta tana taka min ƙafa. Da muka wuce na ce, "Sun cinye mana batir!" Ta ce, "Sun kuma nuna mana cewa ba yara kaɗai ke kallo ba. Ki riƙe wannan."

Masaukinmu gidan Madam Mariyama ne, ƙawar Dakta, shugabar wata makarantar 'yan mata. Su lakwal suke cewa. Mace ce mai jiki da murya, in ta yi dariya har tantabarun gidan sai sun tashi. Ta ba mu ɗaki ɗaya ni da Dakta. In na tayar da salla Dakta takan fita ta ba ni wuri, in ta buɗe littafinta da safe ni ma in ja bakina. Wannan ne shirun da na fara koya.

Abubuwa sun ba ni mamaki a garin nan, wasu har da haushi. Wutar lantarkinsu daga wajenmu take zuwa, amma duk zamanmu ban ga an ɗauke ba. Na yi ta kallon ƙwan fitila ina jira, har Madam ta ce, "Ɗiyata, wani abu gare shi?" Na ce a'a, baƙunta nake yi masa. Sai mata a kan babur, su da kansu suke tuƙawa, da goyo a baya da cefane a gaba. Mu nan ana ta gardamar ko ya halatta mace ta hau bayan ɗan acaɓa, su can sun raba gardama, sun karɓe kan babur ɗin. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa ya yanka min dasashi, a tsaga shi a zuba wake da mai da yaji. Na raina shi ranar farko, ranar tafiya sai da na sayo na tsaraba. Shayinsu kuwa ɗan mitsitsin kofi, ɗaci kamar maɗaci, kuma in ka sha na fari dole ka jira na biyu da na uku. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da rana ta take sai gari ya mutu. Ofis a rufe, kanti a rufe, kowa ya kwanta sai la'asar. Ni da ba na iya barcin rana sai in yi ta zagaye tsakar gida kamar akuyar da aka ɗaure.

Aikin kuma ya ƙi.

Mun fara da makaranta. Madam ta tara mana 'yan mata a aji, suka miƙe tsaye gaba ɗaya suka gaishe mu da Faransanci. Dakta da Madam suka fita, suka bar ni da su. Na yi bayani, na nemi izini, na kunna rikoda, na ce, "Wane irin fim kuka fi so?" Shiru. Na jira kamar yadda aka koya min, har na ji ƙarar kaset yana juyawa. Can wata ta ce, "Ba mu kallo." Sauran suka amsa kamar masu biya karatu, "Ba mu kallo, sai wa'azi."

Muka koma bin gidaje. Nan kuma uwa za ta shimfiɗa tabarma ta zauna daram, yarinya ta duƙa a gefe tana wasa da bakin zane. Kun san babu 'yar da za ta buɗe baki ta yi zancen fim ɗin soyayya a gaban uwarta, balle 'yar fari da ko sunanta uwar ba ta kamawa. Uwar ce za ta amsa komai: "Ita wagga ba ruwanta." A wani gida na kasa daurewa. Na dubi yarinyar na ce, "To wannan ɗaurin ɗankwalin na kanki, a wa'azi kika gan shi?" Ta tashi da gudu ta shige ɗaki. A hanya Dakta ta ce, "Abin da idonki ya gani daidai ne. Amma tambaya daban, tuhuma daban."

Daga baya Zuwaira, 'yar ƙanin Madam da ke zaune a gidan, ta fasa min ƙwan. Sa'ata ce, siririya mai idon tsokana. Muna wanke-wanke ta ce, "Kin san mi ake faɗi a gari? An ce mutanen Kano masu Shari'a sun aiko ku ku ɗauki sunan masu kallo, a hana kaset tahowa. Ke kuma ga hijabinki har ƙasa, ga fuska ba dariya."

Na ce, "Dakta fa Kirista ce!"

Ta ce, "An ce dabara ce."

A lokacin saura kwana ɗaya mu juyo, don hutun jami'a ya ƙare. Kaset ɗinmu babu komai a ciki sai waƙar jandarma da "ba mu kallo". Na ga Dakta zaune tana jera kaset-kaset ɗin a jaka, na san babin 'yan mata take binnewa. Abinci ma kasa ci na yi.

Da safe Zuwaira ta ce ana bikin ƙawarta a maƙwabta, yau ne ƙunshi, in zo mu je. Ta ce al'adarsu ƙawayen amarya ɗaki guda suke shiga a rufe. Mai lalle in ta gama ɗaure su sai ta fita, babu babbar macen da za ta leƙo sai lalle ya kama. Amma fa duk wadda ta shiga ɗakin sai an yi mata, hannu da ƙafa, ba a shiga a zauna da farin hannu ana kallon mutane.

Ku da kuka san ni kun san rabona da lalle tun ina firamare. Ko na salla ne nakan kwance shi tun yana ruwan lemo. Na ce, "Ba za a yi min yatsa ɗaya ba?" Ta ce, "Yatsa ɗaya a ƙofa ake tsayawa da shi."

Dakta ta miƙo min rikoda da sabon batir. Ta ce, "A fili za ki riƙe ta. In sun ƙi, ki sha biki ki dawo."

Na shiga, na ajiye hijabi tunda mu ya mu ne. Ɗakin cike da 'yan mata, har da wadda ta gudu saboda ɗankwali, Rabi sunanta. Tana ganina ta juya baya. Mai lalle, wata tsohuwa mai hannu kamar ƙarfe, ta kama ni ta manna salatif, ta laɓta lalle, ta naɗe hannuwana da leda da tsumma har suka koma kamar damin gero, ta yi wa ƙafafuna haka. Ta tattara kayanta ta fita, aka ja ƙofa.

Sai a lokacin na gane abin da na yi wa kaina. Rikoda tana kan cinyata, ba ni da yatsan da zan danna ta. Takardar tambayoyi tana cikin jaka, ba ni da hannun ɗauko ta. Ga hancina ya fara ƙaiƙayi.

Zuwaira kaɗai ce hannunta na dama a sake, don ita ke ba amarya fura. Na ce, "Don Allah sosa min hanci." Ɗakin ya fashe da dariya. Wata ta ce, "Yau ga 'yar Shari'a a hannunmu!" Na ce, "Wallahi ni ba 'yar kowa ba ce. Ni ma a ɓoye nake kallo in Baba ya tafi masallaci, ƙanwata ce mai gadin ƙofa." Na gaya musu gaskiyar abin da ya kawo mu, da abin da zai faru in muka koma hannu rabbana: za a rubuta littafi a kanmu, babu bakinmu a ciki. Na ce, "Ga ta nan, ni ba zan iya taɓa ta ba. In kuna so ku kunna, in ba kwa so ku bar ta. Wadda ta kunna ita ke kashewa."

Zuwaira ta ɗauka, ta dubi sauran. Amarya ta ce, "Ba suna?" Na ce ba suna. Zuwaira ta danna, ta gyara murya irin ta masu karanta labaran rana, ta ce, "Jama'a masu saurare, ga mu a ɗakin amarya, inda muka kama wata Bakanuwa mun ɗaure." Ta kai rikodar bakin ta kusa da ita. "Malama, an ce ba ki kallo, sai wa'azi?"

Daga nan ban sake yin tambaya ba. Su suka yi wa junansu, kuma tambayoyin da ni da Dakta ba mu taɓa tunaninsu ba. Ɗaya ta ce a tagar maƙwabta take kallo, ladan tagar kuwa ita ke yi musu raino. Ɗaya ta ce duk ɗinkin da take yi yanzu a fim ta koya, takan roƙi a tsayar da kaset ta zana wuyan riga a ƙasa da tsinke. Wata ta ce ita fim ya kayar da ita jarrabawa, don an kawo wani fim na ɗaya da na biyu a makon jarrabawar, kuma ba za ta yi wa kowa ƙarya ba, ta san abin da take yi. Wata ta ce ƙaninta ɗan ƙarami ya fara marin ƙannensa yana faɗin maganar da mugun cikin fim yake faɗa, har ta daina kunnawa in yana nan. Amarya ta ce a fim ta fara ganin mace ta dubi namiji ta ce masa ba ta yarda ba, ba tare da ta yi rashin kunya ba, kuma ta gwada a kan angon nan nata ya yi aiki. Aka yi shewa.

Sau da yawa bakina ya yi ƙaiƙayi ya fi hancina. Sai in dubi damin hannuna in haɗiye.

Can Rabi, wadda ba ta ce uffan ba tun shigata, ta ce a kawo mata rikodar. Muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce ita ba waƙa ko rawa ne suka dame ta ba, gidajen ne. Tun da ta fara ganin falo mai kujeru da labule har ƙasa, ta ji ta tsani gidansu na ƙasa. Ta daina gayyatar ƙawayen lakwal. Har ta taɓa gaya wa innarta maganar da ta sa innar ta yi kwana biyu ba ta dube ta ba. Sai ta juyo gare ni, karo na farko. "Ke da ke can, haka gidan kowa yake a Kano? Kamar wanda ke da fararen ginshiƙai da ake yawan nunawa?"

Dakta ta hana ni sa baki a hira, amma wannan ni aka tambaya. Na ce, "Rabi, gidan nan a layinmu yake. Mai shi ba ya ƙasar, aron sa ake yi. 'Yar wasan da kike gani tana saukowa daga bene, a motar haya take zuwa da kayanta a leda, a ɗakin maigadi take canzawa, in an gama ta mayar wa mai kayan abinsa. Kuma in kika bi bayan layinmu kika gangara Giginyu, ruwa ma a kurar 'yan garuwa ake saye."

Ta ce, "Rantse."

Na rantse. Ta yi wata irin dariya da hawaye a ciki, ta ce, "Zuwaira, kashe." Zuwaira ta kashe.

Abin da aka faɗa bayan nan ya fi duk abin da ke kan kaset. Ina ji ina gani, ga rikoda a gabana, ga hannu a ɗaure. Kada ma ku tambaye ni, ko Dakta ban gaya wa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Sau da dama Zuwaira ta kunna ta kashe, yadda ɗakin ya ga dama, har aka kira azahar mai lalle ta dawo ta kwance mu. Ta ɗaga hannuna ta ce, "Wagga ta iya zama, dubi yadda ya kama." A rayuwata ba a taɓa yi min wannan shaidar ba.

Washegari muka juyo. Bayan mun wuce Jibiya Dakta ta sa kaset ɗin a motar. Muka yi ta saurare har Katsina, wani wurin Dakta ta ce a mayar baya. Malam Sule ma ya rage gudun da dama babu shi. Da aka zo maganar Rabi ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki. Ni ma 'yata ta taɓa tambayata me ya sa ba mu da bene." Da kaset ya ƙare Dakta ta cire gilashinta ta goge. Ta ce, "Babin ya tsaya, Bilkisu. Kuma yadda aka same shi ma sai na rubuta, don ban taɓa karanta inda aka miƙa wa waɗanda ake bincike a kansu rikoda aka ɗaure mai tambaya ba."

Na ce, "A rubuta da sunana."

Ta ce, "Naki kam za a kama."

To kun ji. Lallen nan da kuke juyawa ba na kwalliya ba ne, kuma ba zan kankare shi ba sai ya fita don kansa. Na riga na gaya wa Baba zan zauna jarrabawar shiga jami'a bana, sashen su Dakta nake so, ya ce Allah ya taimaka, Mama ta ce a dai tausaya wa malaman. Kafin nan kuma akwai rabin aikin da ya rage, don ba a ji bakin 'yan matan Kano ba tukuna. Ranar Asabar na kira mai lalle daga Kaura Goje, Mama ta ba mu ɗakin baya ta kuma yi alkawarin ba za ta leƙo ba, Dakta ta ba da rikoda. Ƙanwata Ummi ce za ta riƙe. Ku zo da hantsi, kowa da tsummanta. Maryam ta Hotoro, ke da kika ce ba kya kallon fim, ki zo da wuri, ke za a fara ɗaure wa hannu.